Na'urar Tsefe Haske da Albasar Kawu Gado

Jega Magaji,
12 ga Janairu, 2003.

Zuwa ga aminina, abokin gwagwarmayar ilimi, Injiniya Waliyyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da amaryarka Malama Bushra. Yaya aiki, yaya baƙuntar Abuja? Mu nan lafiya lau. Inna Tabawa tana gaishe ka, ta ce har yanzu ba ta ga hoton bikin da ka yi mata alkawari ba.

Maƙasudin wannan takarda shi ne in sanar da kai cewa zaman da nake yi tun da muka gama bautar ƙasa bai tafi a banza ba. Ku da aka ɗauka aikin tauraron ɗan Adam kuna can kuna shan sanyin ofis. Ni da aka ce sunana bai fito ba ina nan ɗakina ina warware mas'alar da ta gagare ku. Kada ka ji haushi, haƙiƙa ce tsantsa.

Kamarar tauraron da ka ba ni labari tana raba hasken da ke tasowa daga ƙasa kashi uku kacal: kore, ja, da wanda ke bayan ja da ido ba ya gani. A nazarina wannan tawaya ce babba, tamkar a ba ka harafi uku a ce ka karanta wasiƙa. Abin da na zana na'ura ce da za ta tsefe hasken sili-sili har ɗari biyu, yadda kowane ganye zai bayyana sirrinsa tun daga samaniya. Ganye mai lafiya yana shanye jan haske. Idan cuta ta shige shi sai ya fara mayar da jan, kwanaki kafin manomi ya ga alama. Zanen shafi goma sha tara ne, ga shi haɗe da wannan. Ka miƙa wa shugabanku hannu da hannu.

Domin kada a ce nazariyya ce marar hujja, na ƙera ƙaramarta a nan ƙasa. Kafinta ya yi mini akwati, na shafe cikinsa da baƙin fenti. Reza biyu na jera suka bar siririyar kafa ta shigar haske, ɓallin faifan sidi yana watsa shi kamar bakan gizo, idon lantarki yana karɓa, mita tana nuna lamba. Ina murɗa sukuru ɗaya in karanta sili talatin da biyu, ɗaya bayan ɗaya. Tunda rana ba ta tsayawa a ƙarfi guda, nakan fara auna farin yadi da na ɗaure a kan allo, sannan in auna ganye, in kwatanta su. Yadin shi ne alƙali. A ƙasashen da suka ci gaba wani farin faranti na musamman suke amfani da shi, amma fari ai fari ne.

Filin gwajina gonar albasar Kawu Gado ce, a fadamar Sarandosa ta ƙasar Maiyama. Ka san shi, yayan Inna, wanda ya riƙe karatuna tun rasuwar Baba. Fangali ɗari da ashirin ya dasa bana, kuma da su gidansa zai ci har shekara ta zagayo. Na auna su sau huɗu, lambobin sun yi daidai da littafi. Maƙwabcinsa Muntari, wani Ba'aliere, wato mutumin Aliero, mai baki kamar reza, ya laƙaba mini Malam Tauraro. Duk sanda ya hango ni da akwati a bayan babur sai ya tambaya ko yau ma an zo ɗaukar albasa hoton fasfo. Jahilci ne, na yafe masa. Zama dai ya ishe ni, Waliyyu. Kullum sai na je tasha in tambayi direbobin Abuja ko akwai saƙo.

Ka gaida Malama. Wassalam.

Naka har kullum,
Muhsin Ladan.


Jega Magaji,
16 ga Fabrairu, 2003.

Aminina Waliyyu,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata kai da iyali kun yi layya lafiya. Amsarka ta iso ta hannun direba. Na ga ka ce shugabanku ya yi tafiya, kuma ka yi tambayoyi bakwai a kan zanen. Zan amsa su idan na sami sukuni, domin yau ina da labarin da ya fi su muhimmanci nesa ba kusa ba.

Jiya Asabar, tsakanin hantsi da azahar, na'urata ta yi magana. Na koma Sarandosa bayan hutun Sallah, na auna yadi, na auna ganye, sai ga silin ja ya ɗaga fiye da duk abin da na taɓa rubutawa. Na canja fangali, haka. Na je ƙarshen gonar wajen rijiya, haka. Sau tara na maimaita. Babu tawili sai guda: cutar nan da ke ƙone lawashi daga tsini ta gangara wuya ta ruɓar da kai ta shiga gonar, ido ne kawai bai riske ta ba. Ita ce ta cinye gonaki da yawa a Aliero shekara uku da suka wuce.

Manoma suna zaune a inuwar mangwaro ana gyaran injin ban ruwa. Na tsaya a gabansu na gabatar da sakamakon ba tare da kwana-kwana ba. Na ce albasar Kawu ta kamu, kuma in ba a cire ta cikin kwana goma ba, abin da za a kwashe ruɓa ne. Muntari ya yi dariya har ya shaƙe. Ya tsinko ganye ya murza a hancina, ya ce in shinshina, wannan ganyen ya fi ni lafiya. Ya ce saura wata guda wuyanta ya kwanta don kansa, kuma duk wanda ya cire albasa da ɗanyen wuya ba ta zama a rudu, wato rumfar karan da suke ajiye ta har damina ta yi daraja. Na amsa masa da cewa kimiyya ba ta neman izinin hanci.

Kawu ya tashi. Ya shiga gonar, ya durƙusa, ya tona kai ɗaya da yatsa ya mayar da ƙasa. Ya daɗe a can. Da ya fito sai ya dube ni ya ce, "Muhsinu, ka tabbata?"

Na ce, "Kawu, na fi tabbata da wannan a kan sunana."

Sai ya ce to, a kashe injin. Ya ce za a cire kashi uku, arba'in-arba'in, gwargwadon hannun da zai samu, na farko ranar Talata. Muntari ya kama haɓa ya ce, "Gado, akwati ka bi ka bar idonka?" Kawu ya ce ɗansa ya yi karatu.

Waliyyu, ka auna girman wannan lamari. A karon farko a tarihin jihar nan, ma'aunin haske ya yanke hukunci a gona. Ka ƙara wannan a ƙarshen zanen a matsayin burhani na aikace. Na kasa zama wuri ɗaya tun jiya, na share ɗakina sau biyu, na fara rubuta jawabin da zan yi idan kun gayyace ni.

Gaisuwa ga Malama Bushra.

Naka,
Muhsin Ladan.


Jega Magaji,
21 ga Fabrairu, 2003.

Waliyyu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai dai zuciyata ba ta zauna ba, shi ya sa na sake ɗaukar alƙalami ba tare da jiran amsarka ba.

An cire arba'in na farko. Na je na tsaya a kai da littafina domin in ƙididdige kawunan da cutar ta taɓa. Na yanka hamsin da wuƙa. Waliyyu, ko ɗaya. Farare tas a ciki, sai dai ƙanana, wuyansu kauri kamar yatsa, ruwa na ɗiga. Na bayyana wa ma'aikatan cewa wannan shi ne fa'idar gano cuta da wuri, ba a ba ta damar sauka ba. Bayanin ya yi ma'ana a bakina. A kan babur kuwa, hanyar dawowa, ya riƙa yi mini nauyi.

Matar Kawu ta kawo mana tuwo a gona, ta gaishe ni kamar kullum, amma ba ta zauna ba. Kawu ya shanya albasar a ƙarƙashin lawashinta, ya ce a bari ta sha iska ko za ta ɗan daure. Shi da ni mun san ba za ta shiga rudu ba. Dole a kai ta kasuwar Jega yanzu, lokacin da kowa ke zubar da tasa.

Jiya Muntari ya tare ni a Aliero ya ce tunda akwatina boka ne, in zo in duba masa wata gonarsa da ke can. Ya yi ne don ba'a, ni kuma na yarda don in rufe masa baki. Silin ja ya ɗaga, daidai da na Kawu, lamba da lamba. Na gaya masa tasa ma ta kamu. Ya ce madalla, shi zai bar tasa ta mutu a ɗakinta.

Gona biyu, tazarar tafiya mai nisa, iri daban, rijiya daban, su ba da lamba ɗaya babu ko ɗigon bambanci? Annoba ba ta da irin wannan ladabi. Na sake buɗe wasiƙarka. Tambayarka ta huɗu ita ce, da me nake tabbatar da cewa ma'aunin farin kansa bai canja ba. Na tsallake ta wancan karon domin na ɗauke ta tambayar ɗan aji ɗaya.

Ranar Litinin za a cire arba'in na biyu.

Naka,
Muhsin.


Jega Magaji,
23 ga Fabrairu, 2003.

Aminina Waliyyu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. 

Yau da hantsi na fito da na'urar tsakar gida. Na auna ganyen dogonyaro, ta ce ba shi da lafiya. Na auna zogalen Inna, ba shi da lafiya. Na auna ganyen gwanda da ke sheƙi kamar an shafa masa mai, shi ma haka. Ina tsugune ina zufa, Inna tana shanya. Sai na ɗaga kai na ga farin mayafinta a kan igiya, na duba yadina a kan allo, launinsu ɗaya, fari mai ɗan duhun shuɗi. Na shiga ɗaki na ɗauko ragowar yadin da na yanka tun farko na kara su. Ko makaho zai ga bambanci.

Na tambaye ta ko ta taɓa allon. Ta ce ƙwarai kuwa. Jajibirin Sallah tana wankin fararen kaya ta gan shi duk jirwayen laka, ta kwance shi ta wanke, ta sa masa bula, shuɗin wankin nan, tare da rigunana, ta goge, ta mayar ta ɗaure yadda yake. Ta ce ba za a ce ɗanta mai digiri yana yawo gaban mutane da tsumma mai dauɗa ba. Tana faɗa tana murmushi, tana jiran godiya.

Kai ka san sauran. Bula tana shanye ja, don haka ne farin kaya ke ƙara haske a ido. Alƙalina ya rage jan da yake mayarwa, sai kowane ganye ya zama kamar ya ƙara nasa. Na ɗaura ragowar yadin na sake auna zogalen, ya warke nan take. Gonar Kawu ba ta taɓa ciwo ba.

Na yi wa Inna godiya. Me zan ce mata? Ba ta san yadin ma'auni ba ne, domin ban taɓa ganin ta cancanci in yi mata bayani ba. Kuma da na auna ganye ɗaya a wajen gonar ranar nan, minti biyar, da na gane.

Zan faɗa maka abin da ban so faɗa ba. Tun azahar nake kai da kawowa a ɗaki da wani tunani. Idan na yi shiru aka cire duka, babu mai iya tabbatar da komai har abada. Albasar da aka cire ba ta kamuwa da cuta, za a ce na cece ta. Idan kuwa na yi magana, a gaban Muntari zan yi, kuma daga Maiyama har Aliero babu rumfar shayin da ba za a yi hira da ni ba. Na rubuta hujjoji shida na yin shiru, kowace ta tsaya da ƙafarta. Sai dai fangali tamanin suna can kwana takwas ba ruwa, kuma gobe da sassafe ma'aikata za su shiga arba'in daga ciki.

Na aika a cika mini tankin babur. Ban san abin da bakina zai faɗa ba idan na isa. Kada ka miƙa zanen nan ga kowa tukuna.

Muhsin.


Sarandosa,
9 ga Maris, 2003.

Zuwa ga aminina Waliyyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fata kai da Malama Bushra kuna lafiya. Na gode da takardarka, musamman da ba ka ce ai ka faɗa ba. Daga gidan Kawu nake rubuto wannan, mako biyu ke nan ina nan.

Na isa gonar ranar Litinin rana ta ɗan ɗaga. Mutum goma sha ɗaya sun riga sun shiga, sun cire fangali uku. Muntari yana kan iyaka da butarsa, ya zo kallo. A hanya na shirya jawabi mai sakin layi huɗu, da gabatarwa a kan tarihin kurakuran manyan masana. Da na sauka daga babur duk ya zube. Na ce su dakata. Na ce albasar lafiyarta lau, kuskure nawa ne, ma'aunina ya gurɓace ban duba ba, kuma arba'in ɗin da aka cire a banza aka cire su. Ban ambaci Inna ba, kuma ba zan ambata ba.

Muntari ya ajiye buta ya ce a maimaita masa, kunnensa na hagu ba ya ji sosai. Na maimaita. Ya ce ashe tauraron ma yakan yi tuntuɓe. Aka yi dariya, ba kaɗan ba, na tsaya na sha. Kawu kuwa ko kallona bai yi ba. Ya sallami ma'aikatan, ya ce wa Muntari ya ara masa tiyo, ya nufi rijiya. Na bi shi. Injin ya ƙi tashi sai a jan igiya na biyar, ni na ja.

Muna tsaye ruwa yana bin kwari yana shiga fangali na farko, na ce masa ya yafe mini. Ya ce ya yafe. Sannan na yi tambayar da ta hana ni sakat, na ce shi da ya tona kai da hannunsa ranar nan, bai ga lafiyarta ba?

Ya ce, "Na gani mana. Shekara talatin da wani abu ina noman albasa, in kasa sanin mai lahiya?"

Na ce to don me ya kashe injin.

Ya ce, "Gaban mutane ka hwaɗi, Muhsinu. In ni da nika kawunka na ƙaryata ka gaban Muntari, gobe wa za ya saurare ka ƙasag ga? Ni na kai ka makaranta."

Na ce, "Da ban zo ba fa, Kawu?"

Ya gyara bakin tiyo da ƙafa ya ce, "Da mun cire."

Waliyyu, na karanta littattafai da yawa, ban sami inda zan ajiye wannan magana ba.

Wadda aka cire ni na kai ta kasuwar Jega, na roƙi Kawu ya bar mini wannan. Dillalai suka matsa wuyanta da yatsa suka wuce. Masu tuwo da masu tsire ne suka kwashe ta a yadda suka ga dama, kashi ɗaya kuma ta fara laushi kafin la'asar, na zubar. Wani ya gane ni ya kira ni Malam Tauraro daga rumfar hatsi, na amsa. Gidan nan zai ji raɗaɗin wannan asara a damina, babu lafazin da zai rage ta.

Zanen kuwa ka dawo mini da shi. Shafi goma sha tara na yi a kan tsefe haske, ban yi layi ɗaya a kan wanda zai binciki ma'aunin ba bayan na'urar ta bar ƙasa. A sama babu mai sa bula, amma rana da shekaru za su canja farin faranti, kuma babu mai hawa ya kara shi da wani. Ina ganin a sa faranti biyu, ɗaya a rufe ba a buɗe shi sai lokaci-lokaci don a gwada ɗan'uwansa, a riƙa kuma auna wani fili da aka san haskensa a ƙasa. Ban tabbata ba. Ka duba, ka yi mini tambayoyi, zan amsa su bi da bi.

Saba'in da bakwai ɗin da suka rage sun sha wuya da ƙishirwa, tsinin ganyensu ya bushe, Kawu ya ce kan ba zai kai na bara ba amma zai zauna a rudu. Ni ke ban ruwa yanzu, da safe da yamma. Shekaranjiya ya kira ni ƙarshen gonar ya nuna mini layi guda da wuyansu ya fara kwantawa don kansa. Ya ce nan da kwana biyar za mu kashe injin, wannan karon a kan lokaci.

Ka gaida Malama da kyau. Kawu ma yana gaishe ka, ya ce idan an kwashe zai aiko maka da rabin buhu ta hannun direba.

Wassalam.

Naka,
Muhsin.